Bututu daga Singa zuwa Legas: yadda muka haɗa tsohuwar manhajar lissafi da VPN daga cikin VirtualBox

A watan Afrilun bara, lokacin da zafin Kano ya kai ya kawo, aka kira ni wani shagon sari da ke kusa da Kasuwar Singa. Reshe ne na wani kamfanin rarraba kayan masarufi, taliya da madara da sabulu da makamantansu, wanda babban ofishinsa ke Legas. An kawo wuta da ƙarfi cikin dare, ta ƙone kwamfutar teburin da akantar shagon ke aiki da ita. Allah ya taimaka ainihin bayanan lissafin ba a cikinta suke ba, suna kan sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanansu, can Legas. Abin da ke kan ta Kano manhaja ce kawai, mai leƙa sabar ta shigar da ciniki, ta fito da sunayen masu bashi, ta buga rasit.

Alhajin da ke riƙe da reshen bai ɓata lokaci ba, ya aika aka sayo laftof sabuwa fil, mai Windows 11 da RAM gigabait 16. Manhajar ta ce sam ba ta san zancen ba. An rubuta ta ne a zamanin Windows 7, kuma a can ta tsaya. Shi kuwa Windows 7, Microsoft ya daina yi masa gyaran tsaro tun ranar 14 ga Janairun 2020. Kwana uku Malama akanta tana rubuta ciniki da biro a dogon littafi, motocin kaya na shigowa suna fita, ita kuma tana tara aikin da ta san sai ta sake shigar da shi layi-layi.

Abin da na fara yi ba sabon abu ba ne ga duk mai wannan sana'a. Na sa VirtualBox a kan laftof ɗin, na gina wata kwamfutar a cikinta. Ga wanda bai saba da wannan ba, manhaja ce da ke ɗebo wani yanki na ƙarfin kwamfutarka ta yi wata kwamfutar ta daban da shi, mai nata Windows ɗin, da nata faifan, da nata katin intanet, duk a cikin taga ɗaya. Ta asalin ita ce mai masauki, ta cikin kuwa baƙuwa, kuma da waɗannan sunayen zan ci gaba da kiransu. Na ba baƙuwar gigabait 4, na ɗora mata Windows 7 da lasisin da kamfanin ke da shi, na sa manhajar, ta buɗe lafiya lau. Da farko baƙuwar ta riƙa jan ƙafa, ga kuma hoton wani koren kunkuru a ƙasan tagar. Wannan alama ce ta cewa Hyper-V na Windows, wanda shi ma irin aikin VirtualBox yake yi, ya riga ya riƙe sashen injin da ake buƙata, VirtualBox yana bi ta bayansa ne. Na daidaita wannan, kunkurun ya ɓace.

Saura haɗawa da Legas. A nan aikin da na ɗauka na yini ɗaya ne ya koma na mako uku.

Da na ce wa Alhaji sai an kunna VPN tukuna, ya zaro wayarsa ya nuna min. "Ai ina da shi, Injiniya. Tun lokacin da aka rufe Twitter yara suka sa min." Ba shi kaɗai ba ne. Yawancinmu a watan Yunin 2021 muka fara jin wannan kalma, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, dakatarwar da ba a ɗage ba sai a Janairun 2022. Shi ya sa mutane da yawa suka ɗauka VPN abu ne na sauya ƙasa, ka danna ka koma Holan ko Amurka. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, dabarar ɗaya ce, amma inda bututun ya nufa ne ya bambanta. Na wayarka yana kai ka wajen wani kamfani da ba ka sani ba, daga can ka fita duniya. Namu zai kai mu cikin ofishinku na Legas ne, kamar mun ja waya daga nan har teburin sabar."

Na buɗe baƙuwar, na shigar da adireshin rautar Legas, wato na'urar da ke haɗa ofishin da intanet, da suna da kalmar sirri, kamar yadda suke a tsohuwar kwamfutar. Irin VPN ɗin wani tsohon tsari ne mai suna PPTP. Ya fara haɗawa, ya kai inda yake cewa yana tantance suna da kalmar sirri, sai ya tsaya cak. Bayan kamar rabin minti ya fito da kuskure mai lamba 806. Na sake, haka. Na canza layin da ke cikin rautar shagon na sa na wani kamfanin waya, haka. Malama na zaune gefe da littafinta a cinya, ba ta ce komai ba, amma duk lokacin da akwatin kuskuren ya fito sai ta sauke numfashi.

Gwajin da ya raba gardama shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Na rufe baƙuwar, na shigar da bayanan nan a kan mai masaukin kanta, nan take ya haɗu. Ke nan layi lafiya, rautar shago lafiya, Legas lafiya. Matsalar tana tsakanin baƙuwa da mai masaukinta, a cikin laftof ɗaya.

Dalilin yana rubuce ƙarara a littafin jagoran VirtualBox, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso. In ka gina baƙuwa ba ka taɓa saitin intanet ɗinta ba, ana ɗora ta a kan tsarin NAT. Baƙuwar za ta ga adireshinta 10.0.2.15, ƙofar fitarta 10.0.2.2. Waɗannan adireshi babu su a ko'ina sai a cikin VirtualBox. Duk ƙunshin bayanin da baƙuwar ta aika, VirtualBox ne ke karɓa ya kwance shi, sannan ya sake aika shi da sunan mai masauki, kamar yadda burauza ko wata manhaja ta yau da kullum za ta yi. Baƙuwa ce da ba ta fita kasuwa da kanta, sai dai ta ba mai gida saƙo ya sayo mata. To amma mai gidan nan nau'in saƙo biyu yake iya ɗauka sosai, TCP da UDP, sai ɗan abin da ba a rasa ba na ping, saƙon gwajin ko wata kwamfuta na amsawa. Shi kuwa PPTP ƙafa biyu gare shi. Gaisuwa da buɗe zance yana yin su ta TCP a ƙofa ta 1723, shi ya sa nake ganin kamar ya fara haɗuwa. Ainihin kayan kuwa yana ɗora su a kan wata yarjejeniya ta daban mai suna GRE, mai lamba 47, wadda ba TCP ba ce ba kuma UDP ba, ba ta ma da lambar ƙofa. Injin NAT na VirtualBox ba ya ɗaukar GRE, kuma masu shi ba su ɓoye ba, har sunan PPTP suka ambata a matsayin misalin abin da ba zai yi aiki ba. Da na fara da karanta wannan shafin, da na rage wa Malama zaman awa uku.

Mafita ta farko

Tunda VPN ya haɗu a kan mai masauki, kuma duk abin da baƙuwa ta aika da sunan mai masauki yake fita, sai na bar shi a can. A kunna VPN a Windows 11, a buɗe baƙuwa, saƙonninta su bi bututun da ke buɗe. Na buga ping zuwa adireshin sabar, 192.168.0.10, ta amsa. Manhajar kuwa ta ce ba ta ga saba ba.

Da suna aka saita ta ta nemi sabar, ba da lamba ba. Baƙuwar ta karɓi jerin masu fassara suna zuwa lamba, wato DNS, tun lokacin da ta tashi, kuma na kamfanin waya ne, waɗanda ba su taɓa jin sunan wata saba a wani ofishi a Legas ba. Akwai umarni guda da ke sa baƙuwa ta riƙa tambayar mai masaukinta kai tsaye, ana buga shi bayan an kashe ta:

VBoxManage modifyvm "Lissafi" --natdnshostresolver1 on

Bayan wannan manhajar ta buɗe, jerin kaya ya fito, Malama ta ce alhamdulillahi ta jawo littafinta. Na kuma cire alamar da ke kan zaɓin da ke tura duk zirga-zirgar laftof ɗin ta Legas, domin in an bar shi, ko WhatsApp aka buɗe sai ya je Legas ya dawo, ya cinye musu layi a banza.

Na tafi gida ran nan, amma hankalina bai kwanta ba. Laftof ɗin ba ta Malama ce ita kaɗai ba. Na ga yadda yaran shago ke ɗaukarta da rana su sauke fim, su soka filashin da ya zaga rabin kasuwa. Muddin VPN na kunne a kan mai masauki, duk abin da ya shiga laftof ɗin yana da hanya har cikin ofishin Legas, inda sunayen dillalai da bashin da ake bin kowa da lambobin wayarsu suke. Amana ce ta mutane, kuma tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya da ta ɗora wa kamfani nauyin kiyaye irin waɗannan. Ga kuma baƙuwar kanta: Windows 7 ne da ba a yi masa gyara, amma yana iya shiga kowane shafi a duniya ta hannun mai masauki.

Kwana biyar bayan haka Malama ta kira ni da dare. Ta tafi da laftof ɗin gida don ta rage aikin da ya taru.

"Malam, ya nuna ya haɗu, amma lissafin ba ya buɗewa. A shago kuma lafiya na bar shi."

Na ce ta juya 'yar na'urar wayifai ɗinta ta karanta min abin da ke rubuce a bayanta. Ta karanto 192.168.0.1. Ofishin Legas ma da 192.168.0 yake amfani. Ba abin mamaki ba ne, domin tun 1994 aka ware rukunin adireshi uku don amfanin cikin gida, masu farawa da 10, da masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168, kuma masu ƙera rauta kusan duk a 'yan lambobin farko na rukuni na uku suke cunkushewa. Laftof ɗin ta ga unguwa biyu masu suna ɗaya, sai ta riƙa neman gida mai lamba 10 a cikin ɗakin Malama maimakon Legas. Rautar shago 192.168.8 take bayarwa, shi ya sa ba a taɓa cin karo a can ba. Daren nan na bi da ita mataki-mataki ta waya ta canza lambar na'urarta, aiki ya tashi. Amma na san gobe in ta je gidan wata 'yar'uwa ko otal, abin zai iya dawowa.

Gadar da ta tsallake bututu

Abu na gaba ba ni na taɓa ba. Akwai wani matashi a shagon, ɗan ƙanin Alhaji, mai son harkar kwamfuta ƙwarai, kuma ina ganin in ya samu mai koya masa zai yi nisa. Ya ga manhajar na ɗan jinkiri, ya kalli bidiyo a YouTube, aka ce masa tsarin gada ya fi NAT sauri. Ya shiga saiti ya mayar da katin baƙuwar zuwa abin da VirtualBox ya rubuta wa Bridged Adapter. Manhajar ta ɗauke gaba ɗaya, alhali VPN na kan mai masauki yana nuna a haɗe yake.

Wannan shi ne wurin da na fi ganin mutane na ruɗewa, har da waɗanda suka daɗe a aikin. A tsarin gada baƙuwa ta daina ba mai gida saƙo. Ta samu ƙofarta ta kanta zuwa titi. Rautar shago tana ganinta a matsayin kwamfuta mai zaman kanta, ta ba ta adireshi irin na kowa, a nan 192.168.8.104. Saƙonninta suna fita ta katin wayifai ɗin laftof ɗin, amma ta ƙarƙashin inda Windows na mai masauki ke yanke shawarar wace hanya za a bi, don haka ba su ma san akwai bututu ba. Ga mai amfani da VPN don ɓoye inda yake, wannan ya fi haɗari, domin babu abin da zai lalace ya faɗakar da shi. Zai ga alamar VPN a kunne a kan mai masauki, ya saki jiki, alhali duk abin da yake yi a cikin baƙuwa yana fita a fili da ainihin adireshinsa.

Yaron bai tsaya nan ba. Da ya ga haka sai ya kunna PPTP ɗin da na bari a cikin baƙuwar, kuma ya haɗu, tunda yanzu GRE ba ya bi ta injin NAT. Ya yi murna ya ce ya gyara. Sai dai haɗin ya riƙa yankewa duk bayan 'yan mintuna. Na mai masauki ma yana kunne, ga bututu biyu na GRE daga bayan rauta ɗaya zuwa saba ɗaya, kuma tunda GRE ba shi da lambar ƙofa, ƙananan rautoci da yawa ba sa iya tantance amsar wa ce ta dawo.

Ko da bai yanke ba, ba zan bar shi haka ba. Wayifai ɗin shagon, direbobi da 'yan dako da dillalai duk suna da kalmar sirrinsa. Ajiye Windows 7 tsirara a cikinsu, da ƙofarsa ta 445 ta raba fayil a buɗe, neman fitina ne. Ta wannan ƙofar ƙwayar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. An toshe waccan ɓarakar, amma duk wadda aka gano bayan an daina yi wa Windows 7 gyara tana nan a buɗe. Ban yi wa yaron faɗa ba. Na ɗauki bayan wani kwalin taliya na zana masa akwati uku da kibiyoyi, na ce ya bi da yatsa ya nuna min ta inda saƙo ke fita a kowane tsari. Kafin ya kai na biyu ya gane da kansa.

Maigadi

A wannan zanen ne ni ma na ga abin da ya kamata in yi tun farko. Tambayar ita ce wa ke riƙe da bakin bututun. In mai masauki ce, duk tarkacen laftof ya samu hanyar Legas. In baƙuwa ce, an dogara da tsohon Windows ya tsare kansa. Akwai hanya ta uku, a gina wata 'yar ƙaramar baƙuwa wadda ba ta da aikin komai sai riƙe bututun. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Haka tsarin Whonix na masu ɓoye sawu a intanet yake, kwamfuta biyu, ɗaya mashiga ɗaya wurin aiki, sai dai su hanyar ɓoye sawu mai suna Tor suke bi da shi.

Amma sai Legas ta yarda ta bar PPTP, kuma wannan ya ɗauki kusan mako guda ana waya. Ma'aikacinsu na can mutum ne mai haƙuri, hujjarsa kuma ba ta banza ba ce: abu na aiki shekara da shekaru, rassa da yawa na kansa, in ya taɓa ya lalace shi za a tuhuma. Na tuna masa cewa tun 2012 masanin tsaron kwamfuta Moxie Marlinspike ya nuna a bainar jama'a yadda ake fasa MS-CHAPv2, tsarin tantancewar da PPTP ya dogara da shi. Apple ya cire PPTP daga iPhone da Mac a 2016. Microsoft ma, wanda da hannunsa aka ƙirƙiro shi, ya sanar a Oktoban 2024 cewa zai janye shi daga Windows Server masu zuwa. Abin da ya sa ya sauko dai ba wannan ba ne. Na ce masa kada ya kashe komai, ya buɗe mana WireGuard, wani sabon tsarin VPN, a gefe don reshen Kano kawai, sauran su ci gaba yadda suke. Rautarsu ƙirar MikroTik ce, kuma RouterOS 7 da take aiki da shi yana zuwa da WireGuard a cikinsa. Ya ce zai gwada ranar Asabar bayan an tashi.

WireGuard ya dace da mu ta kowace fuska. UDP kawai yake bi, bisa al'ada ta ƙofa ta 51820, don haka injin NAT na VirtualBox zai ɗauke shi ba musu. Jason Donenfeld ne ya rubuta shi, kuma tun fitowar Linux 5.6 a watan Maris na 2020 yana cikin zuciyar Linux, ba sai an yi ta ɗore-ɗore ba. Na gina baƙuwa ta biyu da Debian 12, wani nau'in Linux, ba tebur ba hoto, RAM megabait 512 kacal, na sa mata suna Maigadi. Na ba ta kati biyu. Na farko a kan NAT, ta nan take fita. Na biyu a kan abin da ake kira Internal Network, wato wata waya ta cikin gida da baƙi kaɗai ke gani, ko mai masauki ba ta ganinta. Baƙuwar lissafi na cire mata komai na bar mata kati ɗaya tak a kan wannan wayar. Na ba Maigadi 10.77.0.1, na ba ta lissafi 10.77.0.2, na ce mata ƙofar fitarki Maigadi ne.

A cikin Maigadi na kunna tura saƙo daga kati zuwa kati, sannan na rubuta dokar bango mai tace abin da zai wuce da manhajar nftables: abin da ya fito daga wayar cikin gida, bututun WireGuard kawai zai shiga, in ba haka ba a zubar. A saitin WireGuard na rubuta AllowedIPs = 192.168.0.10/32, wato ko a Legas ɗin ma sabar lissafi kaɗai za a iya kaiwa, ba duk ofishin ba. Na ƙara PersistentKeepalive = 25, domin layin waya yana ajiye mu a bayan NAT na kamfanin waya, ga na rauta, ga na VirtualBox, kuma kowannensu yana manta hanya in an yi shiru. Ɗan saƙon da ake aikawa duk daƙiƙa 25 shi ke hana su mantawa. Sunan sabar kuma na rubuta shi da hannu a fayil ɗin hosts na Windows 7, baƙuwar ba ta ƙara buƙatar tambayar kowa suna ba.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne rikicin gidan Malama ya mutu da kansa. Maigadi 10.0.2 yake gani a gefe guda, 10.77.0 a ɗaya gefen. Ko wace lamba wayifai ɗin waje ke bayarwa, bai shafe shi ba. Na gwada da gangan: na kashe bututun, na buɗe burauza a Windows 7, babu shafin da ya buɗe. Na mayar, lissafi ya dawo, burauzar kuma har yanzu ba ta zuwa ko'ina.

Abu biyu suka ƙara tasowa. Na farko ya fito ranar Litinin. Shiga manhaja lafiya, shigar da ciniki lafiya, amma da Malama ta nemi rahoton bashi na wata guda sai ya tsaya yana juyawa har ya gaji. Ƙaramin abu na wucewa, babba na maƙalewa, wannan kusan kullum girman ƙunshi ne. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada ƙunshi ya wuce bait 1500. WireGuard yana naɗe kowane ƙunshi da nasa mayafin, shi ya sa yake rage nasa zuwa 1420. Layin waya kuma wani lokaci bai kai 1500 ɗin ba, kuma Maigadi ba zai iya ganin haka ba tunda mai masauki ke fitar masa da saƙo. Daga cikin Windows 7 na riƙa buga ping -f -l da lamba, ina ragewa kaɗan-kaɗan, har na samu 1352 ta wuce. In ka ƙara bait 28 na kan saƙo ya zama 1380. Na saita bututun a haka, na kuma sa Maigadi ya riƙa rage girman da kowace hira ta TCP ke nema tun a gaisuwar farko. Rahoton ya fito cikin daƙiƙa kaɗan, shafi goma sha ɗaya.

Na biyun kuskurena ne. Na ɗauki hoton yanayin Maigadi yana kunne, don in wani abu ya lalace a koma kansa. Bayan kwana huɗu yaron nan ya koma kan hoton kamar yadda na koya masa, bututu ya ƙi haɗuwa. WireGuard yana sa hatimin lokaci a kowace gaisuwa, kuma ɗaya ɓangaren ba ya amsa gaisuwar da lokacinta bai wuce na wadda ya gani a baya ba, don kada wani ya naɗi tsohuwar gaisuwa ya sake aikowa. Maigadi ya farka da agogon kwana huɗu baya, ni kuma garin tsaurara bango na hana shi tambayar lokaci. Na buɗe masa UDP 123, ƙofar tambayar lokaci, na daidaita agogo, na goge wancan hoton na ɗauki wani yana kashe.

Tsarin ya zo da nasa tsadar, kuma Malama ce ke biya kullum. Baƙuwar lissafi ba ta ganin firintar shago yanzu. Sai ta fitar da rasit a matsayin PDF cikin wata jaka da baƙuwa da mai masauki ke rabawa, sannan ta koma Windows 11 ta buga. Ranar farko ta ce min, "Malam, da dannawa ɗaya nake yi, yanzu uku." Gaskiyarta ne. Jakar ma kanta ƙofa ce, ƙarama dai, na kuma roƙe ta kada a ajiye komai a ciki sai rasit. Don sauƙaƙa mata tashi da safe na yi mata alama ɗaya a kan tebur, in ta danna sai ta tayar da Maigadi a ɓoye da umarnin VBoxManage startvm "Maigadi" --type headless, ta jira rabin minti, sannan ta buɗe ta lissafi.

Da na je karɓar kuɗin aikina na gaya wa Alhaji abin da ke raina. Na ce, "Ranka ya daɗe, katanga na yi wa tsohon gini, ban sake ginin ba. Windows 7 ɗin nan har yanzu yana magana da sabarku, sauran rassa kuma suna kan PPTP. A faɗa wa Legas su fara neman manhajar da za ta hau sabon Windows." Ya ce zai tayar da maganar a taron manajoji. Daga baya ma'aikacin Legas ya kira ni ya nemi in turo masa saitin Maigadi, yana so ya gwada a wani reshen.

Ranar 30 ga Afrilu aka rufe lissafin wata. An ɗauke wuta a Singa tun la'asar, janareta kuma ya ƙi tashi, sai Malama ta tafi da laftof ɗin gida ta haɗa da wayifai ɗin wayarta. Wajen ƙarfe goma na dare ta turo min hoton allon: jimillar wata ta fito, ta yi daidai da ta dogon littafin nan, har da cinikin kwana ukun da ta rubuta da biro.